Zarton Inji Na Fari a Gidanmu

Itace yana da wani hali wanda mai dashe ba ya tunawa da shi a ranar da yake haƙa rami, wato ba ya daina girma. Mangwaron da aka dasa don a sami inuwa a tsakar gida, bayan shekara ashirin sai ga reshensa ya kwanta a kan kwanon ɗaki. Turaren da aka jera a kan iyaka don ya tare iska, sai ya yi tsawon da in ya fāɗi zai kai gidan maƙwabci. Kowane magidanci mai lambu zai kai ranar da gatari da adda za su kāsa masa, ya fara tunanin injin nan mai ƙara da ake yanka itace da shi, wanda za mu kira zarton inji. Muna so mu gaya muku yadda muka zaɓi namu, da abin da muka koya game da zama lafiya da shi, gama abu ne mai taimako ƙwarai, amma ba ya yafe ganganci ko sau ɗaya.

Lambunmu yana ƙasar Filato, bai wuce eka ɗaya ba. Akwai mangwaro goma sha biyu, da gwaba, da lemo, da jerin turare da iyayenmu suka dasa. Dā can, da yara suna gida, aikin sassabe da faskare bai dame mu ba. Yanzu sun watse, makaranta da neman abinci sun kai su birni, mu kuwa ƙarfi ya fara ja da baya. Mun sha kiran masu inji, amma su sana'arsu tsaga katako ce. In ka kira su don reshe biyu, ko dai su ƙi zuwa, ko kuwa su zo su yi ta lallashinka ka bar su su kā da itacen gaba ɗaya. Wannan ne ya sa muka zauna, maigida da uwargida, muka yi shawara.

Tambaya ta fari

Kafin mu tambayi farashi, mun tambayi kanmu ko lalle muna bukatarsa. Muka ɗauki takarda muka zaga lambu, muna rubuta aikin da yake jiranmu kowace shekara. Sai muka ga kashi uku ne. Akwai ƙananan rassa waɗanda ba su fi kaurin dantse ba. Waɗannan zarton hannu mai kaifi ya ishe su, ya kuma fi barin wuri mai kyau wanda zai warke da wuri. Akwai rassan da suke can sama. Waɗannan kuwa akwai zarto mai doguwar ƙota da ake yanka su da shi mutum yana tsaye a ƙasa. Kashi na uku shi ne gumagumai, wato itacen da iskar farkon damuna ta karya, da busassun da ake so a gutsuttsura don girki, da ƙananan turare da ake ragewa. Nan ne kaɗai inji yake da aiki. A wurinmu wannan kashi yana cin makonni in da gatari ne, shi ya sa muka ga sayen ya dace.

Muna ba kowa shawara ya yi wannan lissafi. In itatuwanka uku ne ko huɗu, kuɗin inji da na mai da na gyara zai biya maka ƙwararre shekaru da yawa, ka kuma kwana da yatsunka goma.

Ɗan tarihinsa

Injin nan bai daɗe a duniya ba. A 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart, a 1927 kuma Emil Lerp, shi ma Bajamushe, ya fito da mai shan fetur. Na farkon nan nauyinsu ya kai sai mutum biyu suke riƙewa. Irin haƙoran sarƙar da ake aiki da su yau kuwa wani ma'aikacin daji ne a Amurka, Joseph Cox, ya ƙago su. Ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro take cin kututture da muƙamuƙanta masu lanƙwasa, hagu da dama, sai ya kwaikwayi wannan da ƙarfe, ya fara ƙerawa a 1947. Birkin sarƙa, wanda shi ne babban abin tsaron rai a jikin injin, sai a farkon shekarun 1970 ya fito. Ku riƙe wannan, gama har yanzu akwai injuna a kasuwanninmu waɗanda aka yi su a kan tsohon fasali, ba su da birki sam.

Iri uku

Akwai mai fetur, akwai mai igiyar lantarki, akwai mai batir. Mai igiya ya fi araha, ba ya hayaƙi, amma yakan ja wuta kusan wat 1,800 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, igiyar kuma tana bin mutum tana harɗe masa ƙafa. Mai batir ba shi da nauyi, ƙararsa kaɗan ce, ba a gauraya masa mai, da ka saki yatsa kuma ya tsaya. Ga mai gida a cikin gari, wanda aikinsa bai wuce sa'a ɗaya ba, kuma yana da wuta ko sola, wannan ya fi dacewa. Sai dai batirin yana da tsada, yakan ƙare tun aiki bai yi nisa ba, zafi kuma yana rage masa kwana. Kada shirunsa ya ruɗe ku, sarƙarsa tana yanka nama daidai da ta mai fetur.

Mu mun ɗauki mai fetur, domin lambunmu yana nesa da waya, kuma akwai makanikin da ya san shi a garinmu. Wannan dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Inji komai kyansa, in babu sarƙa da filogi da matatar iskarsa a kusa, ranar da ya tsaya ya zama kayan ado.

Kada a sayi wanda ya fi ƙarfin mai shi

A kasuwa abin da za a fara nuna maka shi ne babba, irin na masu tsaga katako. Wanda ya fi suna a ƙasashenmu, Stihl 070, injinsa ya kai cc 105, wato kusan daidai da na babur ɗin acaɓa, nauyinsa kuma ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. Na masu sana'a ne waɗanda suka yi shekaru suna riƙonsa. Ga aikin lambu, inji mai cc 30 zuwa 45 ya isa, mai nauyin kilo 4 zuwa 5.

Sai kuma dogon ƙarfen nan da sarƙar take zagayawa a kansa, wanda muke kira harshe. Mutane suna son dogo, suna gani kamar shi ne ƙarfi. Ga mai koyo, harshe mai inci 12 zuwa 16 ya fi, wato santimita 30 zuwa 40. Gajeren harshe ya fi sauƙin sarrafawa, ba ka rasa sanin inda bakinsa yake, kuma gungumen da ya fi shi kauri ana iya yanka shi ta gefe biyu. Namu mai inci 14 ne, bai taɓa kāsa mana a aikin da ya dace mu yi da kanmu ba.

Akwai wani ƙarami mai ban sha'awa wanda mariƙinsa yake a sama, ana iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ku bar shi inda kuka gan shi. An yi shi ne don ƙwararrun da aka horar su hau itace da igiya. Na mai lambu shi ne mai mariƙi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Abin da muka duba a kanti

Mun tafi tare da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya yarda ya koya mana. Da muka isa bai ko dubi fentin ba. Ya ce, "'Ya'yana, ku fara neman abu huɗu. In ɗaya babu, mu fita." Na fari birkin sarƙa, wato maƙarin nan da yake gaban hannun hagu, wanda in aka tura shi gaba sarƙa take tsayawa nan take. Na biyu ɗan ƙugiyar da yake ƙarƙashin inji, mai kama sarƙa in ta tsinke ko ta goce. Na uku makullin totur, wanda ba ya barin kunamar ta matsu sai tafin hannu ya kama mariƙi sosai. Na huɗu faffaɗan maƙari a ƙarƙashin mariƙin baya, mai tsare hannun dama.

Muka ce, "Baba, to, yaya za mu gane na jabu?" Gama kasuwa cike take da injunan da aka liƙa musu sunayen manyan kamfanoni. Ya ce mu nemi lambar inji a jikinsa, da littafin bayani, da rasiɗi, mu kuma yi shakkar duk wanda farashinsa ya fāɗi ƙasa ƙwarai, gama araha ba ta ado. Ya sa aka tayar da shi a gabanmu. Sa'ad da inji yake ƙara shi kaɗai ba a taɓa totur ba, sarƙa ba za ta motsa ba. In tana tafiya, akwai gyara. Ya ba shi wuta ya tura birki da bayan hannu, sarƙa ta tsaya cak. Ya kuma nuna bakin harshe wajen wani kwali ya ba shi wuta, sai ga ɗan layin mai ya fito a kan kwalin, alamar man sarƙa yana gudu ke nan. Wanda zai sayi na hannu, lalle ya yi waɗannan gwaje-gwaje duka.

Tufafin aiki

Mun sa kuɗin kayan kāriya cikin kuɗin inji tun daga farko, muka ce in ba za mu iya sayen duka ba, sai mu dakata. Ga dalili. Sa'ad da inji yake kan ƙarfinsa, sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, wato kamar mota mai gudun kilomita 70 a sa'a. Ba kuwa yanka take yi kamar wuƙa ba, tana yagar nama ne tana zubarwa, shi ya sa raunin yake da wuyar ɗinki. Ƙafa da hannun hagu su ne suka fi shan wannan rauni.

Akwai wando na musamman, ko kuwa mai kama da warki da ake ɗaurawa a kan wando. A cikinsa akwai dogayen zaruruwa masu ƙarfi. In sarƙa ta taɓa shi sai ta jawo zaren ya cushe faifan da yake juya ta, ta tsaya. Yana da zafi a jiki, gaskiya ne, saboda haka muke aiki da sassafe. Sai hular kwano, da tabarau ko ragar fuska, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki wanda ba ya santsi. Sai abin toshe kunne. Ƙarar injin fetur ta wuce desibel 100, alhali kuwa daga 85 kunne yake fara lalacewa in an daɗe ana ji. Kurumtar da ƙara ta kawo ba ta warkewa, kuma a hankali take shiga, mutum bai sani ba sai ya ga yana ta cewa jikokinsa su maimaita magana.

Babbar riga, da mayafi, da rawani, da silifa, da duk abin da yake reto, ba su da wuri kusa da wannan inji.

Harbi

In akwai abu ɗaya da muke roƙo ku riƙe daga wannan rubutu, to, shi ne wannan. Zarton inji yana harbi kamar jaki. A bakin harshe, inda sarƙa take juyawa, sashin sama shi ne wurin hatsari. In wannan wuri ya taɓa wani abu sa'ad da sarƙa take gudu, ko reshe ne a ɓoye, ko gungume na kusa, ko ƙusa, haƙori yakan cije maimakon ya yanka, sai ƙarfin injin duka ya wurga harshen sama da baya, wajen fuska da wuyan mai riƙe da shi. Abin yana faruwa kafin ƙiftawar ido, babu mai saurin da zai kauce.

Maganinsa tun kafin ya faru ne. Ka san inda bakin harshe yake kowane lokaci, kada ka yanka da shi. Ka yanka da ƙasan harshe, kusa da jikin inji. Hannun hagu ya kama mariƙin gaba, babban yatsa ya zagaye shi ta ƙasa, hannun dama a mariƙin baya, ko da kai bahago ne, gama haka aka ƙera shi. Ka tsaya ɗan gefe, kada kanka ya yi daidai da layin harshe, domin in ya yi harbi ya wuce ta gefen kafaɗarka. Ka ba shi cikakkiyar wuta kafin sarƙa ta taɓa itace. A itatuwan gida kuwa a duba da kyau, gama da wuya a sami mangwaron tsakar gida wanda ba a taɓa buga masa ƙusa don igiyar shanya ba, ƙusar kuma takan nutse cikin ɓawo a manta da ita.

Dokokin gidanmu

Mun rubuta waɗannan mun liƙa a ƙofar ɗakin ajiya.

1. Ba mai aiki da inji shi kaɗai. In ɗayanmu yana yanka, ɗayan yana tsaye nesa yana kallo, da waya a hannu, kuma mun san abin hawan da zai kai mu asibiti.

2. Yara da dabbobi su shiga gida. Mai inji ba ya jin kira, ba ya kuma ganin abin da yake bayansa. Wanda zai yi masa magana ya zo ta gaba, ya jira a kashe inji.

3. A ƙasa ake tayar da shi, birki a kulle, ƙafar dama ta taka mariƙin baya, hannun hagu ya danne na gaba. Tayar da shi a iska, ana wurga shi ƙasa ana fizgar igiya kamar yadda waɗansu suke yi don burga, haramun ne a gidanmu.

4. Ba a yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗa. Ba a hawa tsani da shi, ba a hawa itace da shi.

5. In za a taka ko da taku uku ne, a kulle birki. In tafiya ce mai nisa, a kashe, a sa kube, harshe ya dubi baya.

6. Ba a zuba mai inji yana da zafi, ba a kusa da wuta ko taba. Bayan an zuba, a matsa aƙalla mita 3 kafin a tayar.

7. Ba a tayar da shi a cikin ɗaki, gama hayaƙinsa yana kisa kamar na janareta.

8. Mai gajiya, da mai fushi, da wanda ya sha wani abu mai sa maye ko magani mai sa barci, ba ya taɓa shi. In yatsu suka fara mutuwa saboda jijjiga, a huta.

9. Duk itacen da yake kusa da wayar lantarki ba namu ba ne, a kira masu wuta.

Akwai kuma tsabtataccen ƙyalle da bandeji a kusa kullum. In tsautsayi ya faru, a danne raunin da ƙarfi kada a saki, a ɗaga wurin sama, a nufi asibiti. Kada a zuba ƙasa ko toka ko fetur a kai. A asibiti a tambayi allurar sandarau.

Mai da wāshi

Injin fetur ɗin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota. Ana gauraya masa mai na musamman, wanda ake kira 2T, a cikin fetur. Yawancin na zamani kashi ɗaya ne cikin hamsin, wato mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur, amma waɗansu suna son fiye da haka, sai a bi littafin. In aka ba shi zallan fetur, cikin minti kaɗan zai ƙone. Muna gauraya abin da za mu ƙarar cikin wata ɗaya kaɗai, gama in ya daɗe yakan lalace ya toshe kafireto. Mun kuma ware masa jarka dabam da alama, don kada a ruɗe da kananzir.

Tanki na biyu na man sarƙa ne, duk sa'ad da aka zuba fetur shi ma a cika shi. Waɗansu suna zuba baƙin man da aka juye daga mota don tsimi. Wannan mai yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cin famfo da harshe, yana kuma fantsama a ƙasar da muke shuka abincinmu.

Sarƙa mai kaifi ita take jan kanta cikin itace, tana fid da sassaƙe manya. In ka ga gari kamar na tuwo, ko kana dannawa da ƙarfi, ko yanka yana karkacewa, ta dakushe. Dakusasshiyar sarƙa ta fi hatsari, domin tana gajiyar da mutum tana sa shi dannawa. Ana wāsa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta. Tamu tana cin mai milimita 4, ana kuwa riƙe shi a karkace digiri 30, ana turawa waje kaɗai, kowane haƙori adadi ɗaya. Abin da yake kashe kaifi nan da nan shi ne ƙasa. Taɓawa ɗaya ta isa. Saboda haka muke ɗora gungume a kan wani kafin mu yanka, muna kuma kankare ƙasar da gara ta liƙa a jikin itace. Ɗaurin sarƙa kuma a duba shi inji yana kashe, kada ta yi reto a ƙasan harshe, amma ta ja da hannu mai safa ba wuya. Da hunturu, ƙura takan toshe matatar iska, sai a riƙa share ta bayan kowane aiki.

Itace yana da nasa ƙarfi

Gungumen da yake kwance ba a sake yake ba. Wani gefe yana matse, wani yana miƙe kamar baka. In bakinsa biyu suna kan abu tsakiya tana reto, samansa ne a matse, sai a fara yanka kashi ɗaya cikin uku daga sama, a ƙarasa daga ƙasa. In baki ɗaya ne yake reto, a fara daga ƙasa a ƙarasa daga sama. In harshe ya maƙale, a kashe inji, a buɗe wurin da weji ko sanda, kada a yi ta fizga. A kan gangare a tsaya ta sama. Reshen da wani itace ya danne ya lanƙwashe kuwa, in aka yanke shi ba dabara zai yi bulala da ƙarfin da zai karya muƙamuƙi.

Kā da itace tsaye shi ne aiki mafi hatsari, ba a kuwa koyonsa daga takarda. Mu mun sa wa kanmu iyaka, ba ma kā da wanda kaurinsa ya fi tsawon harshenmu, ko mai karkata, ko mai kogo, ko wanda yake kusa da ɗaki. Ko ƙananan ma sai da Baba ya tsaya a kanmu sau da yawa. Ana fara duban sama, ko akwai busasshen reshe, ko zuma, ko rina. A share hanyar gudu ta baya a karkace. Kowa ya yi nisan tsawon itacen sau biyu. A yanke baki a gefen da ake so ya fāɗi, zurfin kusan rubu'in kaurinsa. Sa'an nan a yanka daga baya, ɗan sama kaɗan, amma ba a ratsawa. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin, wannan ne yake riƙe itacen kamar maratayin ƙofa ya bi da shi inda ake so. Da ya fara tafiya, a kulle birki a ja da baya, ido yana kansa. In ya rataye a kan wani itace, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa.

Zancen aro

Ranar da maƙwabta suka ji ƙarar inji a gidanka, ranar za a fara sallama. Wannan ya ba mu tunani, gama ba mu so a ce mun yi rowa, kuma mu ma mun sha cin moriyar kayan mutane. Amma wanda ya ba ɗan maƙwabcinsa wannan inji, yaro bai taɓa riƙe shi ba, ba wando ba hula, in aka dawo da shi a kan babur jini yana zuba, me zai ce wa uwar yaron? Abin da muka tsai da shi ne, ba ma ba da aron inji, amma muna ba da kanmu. In gwauruwa ce iska ta kā da itace a ƙofarta, ko aikin gayya ne a harabar majami'a ko makaranta, maigida yakan je da inji da kayansa ya yi aikin. Da farko waɗansu sun ji haushi. Da suka ga ana zuwa in sun kira, sai maganar ta mutu. A gida kuwa yana kulle, mabuɗi yana wurinmu.

Saurin inji da jinkirin itace

Akwai hatsari na ƙarshe wanda ba ya fid da jini. Da gatari, mutum yana da yini guda na sake tunani kafin ɗorawa ta fāɗi. Da inji, itacen da ya yi shekara arba'in yana girma zai kwanta kafin ruwan shayi ya tafasa. Mun ga abin da ya sami madobiya a Taraba da waɗansu jihohi, yadda aka yi ta kwasarta zuwa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar izini. A Gana kuwa tun 1998 doka ta hana tsaga katako da zarton inji don sayarwa. A jihohinmu ma akwai dokokin gandun daji, yana da kyau mutum ya tambayi ofishinsu kafin ya taɓa babban itace, ko da a gonarsa yake.

'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi sun nuna wata hanya. Daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi ta ƙarfafa manoma su bar tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Da wuƙa da adda aka yi wannan aiki, an kuwa ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar. Wannan ya nuna mana aski ya fi yanka riba. Mangwaronmu muna rage masa rassa da zarar an gama cin 'ya'ya, yana samun iska da rana, yana ƙara haihuwa. Mun kuma yi alkawari tsakaninmu, duk itacen da muka kā da, za mu dasa biyu a damunar da take biye.

Saboda haka, ya ku masu karatu, in kuna shirin sayen zarton inji na fari, ku fara ƙidaya aikinku. Ku sayi ƙarami mai birki, ku sayi tufafinsa tare da shi, ku nemi wanda ya iya ya tsaya a kanku kafin ku ja igiyar fari. In kuka tsaya gaban wani itace zuciyarku tana ɗar-ɗar, ku kashe inji ku kira ƙwararre. Itacen zai jira ku har gobe. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a cikin aikin hannuwanmu.